Sai da na zo garin zaitun aka koya mini lasar mai

Ranar da dattijon da ke kula da injin matsar mai ya ce in tsaya bayan an tashi aiki, akwai "kata", sai na ce ya yi mini afuwa, ni ba na sha. Cata ake rubuta kalmar da Sifaniyanci, kuma duk inda na taɓa ganinta a jikin allo, kwalaben giyar inabi ne jere a ƙasa, mutane na jujjuya kofi suna cusa hanci a ciki. Tsohon ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce mai za a ɗanɗana, man zaitun ɗin da muka wuni muna sauke wa 'ya'yansa daga tirela. Ashe kalma ɗaya suke amfani da ita ga giya da mai da zuma da cuku. Na ji kunya, na ja kujera.

Damina uku ke nan ina lardin Hayen, a yankin Andalus da ke kudancin Sifaniya. Sifaniya ta fi kowace ƙasa a duniya fitar da man zaitun, kuma a cikinta ba lardin da ya kai wannan. An ce itatuwan zaitun da ke nan sun haura miliyan 60, ni kuwa ban yi musu ba, don daga Martos zuwa Ubeda in kana cikin bas ba abin da za ka gani sai su, layi-layi har kan duwatsu. Daga Nuwamba zuwa Janairu ake kaka. Mu da 'yan Maroko da Senegal da Mali muke shimfiɗa raga a ƙarƙashin bishiya, inji ya kama gindinta ya girgiza, mu bi da sanda mu kakkaɓe ragowar, ga sanyin da ke sa yatsu su ƙage. Wurin matsar kuwa almazara suke ce masa, man kuma aceite, 'ya'yan aceituna. Duk wanda ya yi makarantar allo zai ji Larabci a ciki, ragowar zaman Musulmi ne a ƙasar.

Tun da na sauka Inna take maimaita saƙo guda: in aiko mata da man zaitun na asali. A gida mun san shi a 'yar kwalba kamar ta turare, a shagon masu maganin Musulunci, kusa da habbatus sauda da zuma, ko a kan tabarma a bakin masallaci ranar Juma'a. A yi tofi a ciki, a shafa a gwiwa, a sha cokali ɗaya da safe. Nan kuwa a jarka mai lita 5 ake saye, a soya ƙwai da dankali da kifi. Karin kumallon talaka gasasshen burodi ne, a zuba masa mai, a shafa markaɗaɗɗen tumatir, a barbaɗa gishiri. Farkon zuwana sai da gabana ya faɗi da na ga maƙwabciyata ta tuttula abin da Inna za ta yi wata uku tana lallaɓawa, don ta soya barkono kawai.

To, mu koma kan teburin dattijo. Ya jera wasu ƙananan kofuna na gilas, masu ƙaton ciki da ƙaramin baki, shuɗaye masu duhu, kowanne da murfi. Na tambaye shi dalilin shuɗin, ya ce don kada ido ya sa baki a maganar. Launi ba ya nuna kyawun mai. Wanda aka matsa daga ɗanyun 'ya'ya kore ne, na nunannu ruwan zinariya, kuma kowanne zai iya zama mai kyau ko lalatacce. Nan take na tuna yadda muke ɗaga kwalba sama a kasuwa mu ce wannan ya fi kore, shi ne na gaske.

Ya ce in riƙe kofin a tafin hannu ya ɗan yi ɗumi. Masu yin aikin a hukumance kan kai shi maki 28 na ma'aunin zafi, kuma mutum 8 zuwa 12 suke zama, kowa a ɗan lungunsa, ba mai leƙen takardar wani. Hukumar zaitun ta duniya, wadda hedikwatarta ke Madrid, ita ta tsara yadda ake yi. Mu dai tafin hannu ya ishe mu. Na buɗe murfin na shaƙa. Ya ce me na ji? Na ce mai. Ya ce in sake. A karo na uku sai ga shi sarai, ƙamshin ganyen tumatir, irin wanda ke maƙale wa hannu in ka ratsa lambu a fadama da sassafe. Da na faɗa masa sai ya buga tebur, ya ce haka irin zaitun da ake kira Picual yake, shi ne kuma ya cika lardin nan.

Kurɓar ce ta ba ni wuya. Ana ɗan kurɓa kaɗan, a baza shi a baki, a zuƙo iska ta tsakanin haƙora da ƙara irin wadda da a gaban Baba na yi sai na sha rankwashi. Da farko ɗaci ya kama mini harshe. Ina haɗiyewa sai wani maƙaƙi ya shaƙe ni, na yi tari har da ƙwalla. Na ce wannan ai ya lalace. Suka sake yi mini dariya. Wannan ɗacin da maƙaƙin su ne shaidar sabon mai daga lafiyayyun 'ya'ya, wasu sinadarai ne na cikin zaitun ɗin, kuma su suke hana shi saurin tsufa. Abu uku ake nema a mai: ƙamshin 'ya'yan itacen, ɗaci, da yajin maƙogwaro. Kafin a ɗauki kofi na gaba a ci yankan tufa kore, a kora da ruwa.

Kofi na huɗu shi ya ɓata mini rai. Ina buɗewa na ce yauwa, ga man zaitun. Santsi, babu ɗaci, ga wannan ƙamshin da na sani tun ina yaro. Dattijon ya dube ni ya ce wannan ya ajiye ne musamman don koyar da sababbi, ya shekara biyu a buɗe a kan taga. Tsohon mai ne da ya juya, warinsa kamar na gyaɗar da ta daɗe a buhu. Wato abin da hancina ya haddace a matsayin zaitun na asali, warin tsufansa ne. Ba na cewa duk na gida haka yake. Amma kwalba fara tas, a kan tabarma, cikin ranar Afrilu ta Kano, ko man da aka matsa jiya ne ba zai yi nisa ba. Haske da zafi da iska su ke kashe shi, mu kuwa duka ukun muke tara masa.

Akwai wani aibi da suke ce wa avinado, wato mai warin giya, wanda ke faruwa in 'ya'yan suka kwana a jibge suka fara ruɓa kafin a matsa. Tsohon ya ce ai ka san warin giya. Na ce wallahi sai daga nesa. Ya tashi ya ɗauko ruwan kal ya ce to shaƙi wannan, ɗan'uwansa ne. Ni kuma na ce masa a wajenmu ƙullun koko ne da ya kwana biyu. Muka fahimci juna. Dalilin haka ne ake raba 'ya'yan da aka kakkaɓo daga bishiya da waɗanda aka tsince a ƙasa, kuma ake gaggawar matsa su a ranar.

Tun da giya ta shigo maganar, ga gargaɗi ga mai zuwa. A nan giya ba ta da tsada, za ka ga kwalba ta yuro 2 ko 3 a kanti, wani lokacin ta fi lemon kwalba sauƙi. Akwai kuma ruwan inabi zalla marar sa maye da ake kira mosto, har yara na sha. Sai dai a wajajen Kadis da Sabiya, wannan sunan sabuwar giya ake nufi da shi. A tambaya kafin a kurɓa.

Bayan wannan zaman sai abin ya zame mini jaraba. In na shiga manyan kantuna irin su Mercadona ko Lidl ko Carrefour sai na tsaya karatun kwalabe. Ga abin da na gano. Virgen extra shi ne na sama: matsa kawai aka yi, ba sinadari, tsaminsa bai wuce kashi 0.8 cikin ɗari ba, kuma masu ɗanɗano ba su sami aibi ko ɗaya ba. Virgen shi ma matsa ce, da ɗan aibi kaɗan, tsaminsa har kashi 2. Wanda ya kasa haka lampante suke ce masa, man fitila ke nan, ba a sayar da shi don ci sai an kai shi matata an cire masa wari da launi da ɗanɗano. In aka tace, aka ɗan zuba masa virgen don ya farfaɗo, shi ne ake rubuta wa aceite de oliva kawai, wani lokaci da suave ko intenso a gefe. Na ƙarshe orujo, wanda na fi gane shi da tunkuza: tunkuzar zaitun ce ake bi da sinadari a tatso ragowar man, a tace. Halal ne, yana suya lafiya lau, amma ba shi Inna take nufi ba. A kwalaben da ke zuwa gida da rubutun Turanci, pomace ake sa masa. Ku duba naku.

Mukan ce araha ba ta ado, amma a kan mai ban yarda ba gaba ɗaya. Na sayi wata kwalba mai dogon wuya da rubutun zinariya a shagon 'yan yawon buɗe ido, kuɗinta ya kusa na wuni guda a gona, na kai wa dattijo tare da man jarkar ƙungiyar manoma ta ƙauyenmu. A shuɗin kofi, ba tare da mun san wanne ne wanne ba, mu biyu duk na jarkar muka zaɓa. Mai tsadar ba jabu ba ne, ya kwana biyu ne a kan kanta. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Abin dubawa shi ne shekarar kakar, inda aka rubuta campaña ko cosecha, sai kuma kwalba mai duhu ko gwangwani. Akwai mai tsada da ya ci kuɗinsa, shi ne na farkon kaka, wanda ake matsawa a Oktoba 'ya'yan na kore shar. Kimanin kilo 5 na nunannun 'ya'ya ke ba da lita guda, ɗanyu kuwa sai an ƙara sosai. Irin wannan ba a suya da shi, a kan burodi ake ɗigawa. Wanda kuma ɗacin Picual ya fi ƙarfinsa ya nemi na irin zaitun da ake kira Arbequina, ya fi laushi a baki.

Arahar ma ta taɓa gudu. Farin 2022 da 2023 ya sa abin da ƙasar ke samu ya ragu da kusan rabi, litar da ake saye wajen yuro 4 ta doshi 10. Da idona na ga an sa wa jarkunan mai sarƙa da abin ƙararrawa a kanti saboda ɓarayi. Gwamnati ta rage harajin saye a kansa daga kashi 10 zuwa 5 a farkon 2023, a Yulin 2024 ta ɗauke shi baki ɗaya na wasu watanni. Da ruwa ya dawo, farashin ya sauko. Abin da ya fi burge ni wata doka ce da ta fara aiki a 2014: gidan abinci ba zai ajiye maka mai a buɗaɗɗiyar kwalbar da ake sake cikawa ba, sai mai lakabi da bakin da ba a iya ɗurawa. Ina ganinta ina tuna yadda ake auna mana man gyaɗa a kwalbar da ba wanda ya san asalinta.

Amma kada a ce na zo Turai na raina gida. Abin da suke yi da shuɗin kofi, Inna ta daɗe tana yi a gaban mai ƙuli-ƙuli: ta ɗiga a bayan hannu, ta shinshina, ta lasa, ta ce wannan an haɗa shi, wannan gyaɗar ta ƙone. Ba ta taɓa yi wa zaitun haka ba ne kawai, saboda girman da yake da shi a zuciyarmu, itacen da Allah ya yi rantsuwa da shi. Kuma na gwada ƙosai da man nan, bai yi ba. Gardin man gyaɗa daban ne.

Inna, wani ɗan garinmu zai taho bayan Sallah, na ba shi gwangwani mai lita 3 na kakar bana. A ajiye a ƙuryar ɗaki, nesa da murhu da taga, a riƙa tsiyayar kaɗan a ƙaramar kwalba ana rufewa. Kada a yi masa adanar shekara, a zuba a kwaɗo da dafa-duka a cinye. Idan lokacin sanyi kika ga ya yi gajimare ko ya ɗan daskare, lafiyarsa ƙalau. In kuma kika sha ya shaƙe ki har kika yi tari, kada ki ce an cuce ni.