Littafin yaƙin da gwarzonsa bai iya takobi ba

Duk wanda ya saba da littattafan yaƙi irin namu, inda sadauki ɗaya ke tarwatsa runduna kafin la'asar, to ya ɗaura ɗamarar haƙuri kafin ya buɗe The Lord of the Rings na J.R.R. Tolkien. Akwai yaƙi a ciki, har da na giwaye, akwai sarakuna da dawaki da birane masu ganuwa. Amma wanda aka ɗora wa nauyin labarin wani ɗan guntun taliki ne mai suna Frodo, daga jinsin Hobit, tsawonsa bai wuce na ɗan firamare ba, ko takalmi ba ya sawa. Makamin da ya fi kowane ƙarfi a duniyarsu, wato wani zoben zinariya, yana aljihunsa tun farkon labari. Aikin da aka ba shi shi ne ya taka da ƙafa har ƙasar maƙiyi ya jefa zoben cikin wutar dutsen da aka ƙera shi. A kan wannan aka gina shafi sama da dubu.

Bari in fara da kayan da kansa, tunda kuɗi na sa. Kwafina na hannu ne, irin wanda aka haɗa juzu'i uku a bango ɗaya, na saye shi wajen wani mai shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi. Takardar shara-shara ce, rubutun ƙanana, idan aka ɗauke wuta kana karatu da fitilar waya sai idonka ya yi ruwa. Zafin Afrilu na Sakkwato kuwa bai raga masa ba. Na bar shi a but ɗin babur da rana tsaka, gam ɗin ya narke, tsakiyar littafin ta zazzago. Sai na kai wa wani baduku ya ɗinke shi da zare, ya yi masa bango da jar fatar akuya. Ya yi kyau har ya jawo mini tambaya. Kawuna ya gan shi a kan tabarma, ya ɗauka da hannu biyu.

"Ɗana, wanga wane littahi na? Na hadisi?"

"A'a Kawu, labari na. Na Turawa."

Ya juya shi, ya auna nauyinsa a tafin hannu. "Labari, duk kaurin ga? Shi wanda yar rubuta shi bai da gona?"

Gona dai ba shi da ita, amma yana da aiki. Farfesa ne na tsohon Turanci a jami'ar Oxford ta Ingila, kuma ya kwashe daga 1937 zuwa 1949 yana rubutun a tsakanin koyarwa da duba jarrabawa. An buga juzu'i biyu a 1954, na uku a 1955. Shawarata ga mai saye, ya nemi mai juzu'i uku daban-daban, kuma ya duba ko taswirar tana nan, domin ba tare da ita ba mutum ɓata zai yi tsakanin Rohan da Gondor.

Farkon littafin dahuwar ƙafar saniya ce, sai an yi ta tura itace. An buɗe da walimar cikar tsoho Bilbo, wanda ya riƙe Frodo kuma ya bar masa zoben, shekara 111, ana ci ana sha ana tsegumin dangi. Bayan Frodo ya gaji zoben sai da aka yi shekara 17 kafin ya motsa daga gida. Ko da ya motsa ɗin, sai aka shiga daji aka haɗu da wani Tom Bombadil mai rawa da waƙa, wanda zoben ba ya yi masa komai, kuma labarin bai sake waiwayarsa da wani abin kirki ba. Nan ne mutane da yawa ke ajiye littafin, ban kuma ga laifinsu ba. Sai an wuce shafi ɗari biyu, an zauna taron shawara a gidan Elrond, sannan za ka san inda aka dosa.

Daga nan fa ya kama ni. Abin da Tolkien ya fi iyawa shi ne ya sa ka ji cewa ƙasar da ake takawa ta tsufa. Duk inda ayarin masu raka Frodo ya bi akwai kufai: hasumiyar da ta rushe a kan tudu, hanyar da ciyawa ta cinye, gumakan sarakuna biyu da aka sassaƙa a bakin kogi suna gadin iyakar da babu mai tsaronta yanzu. Mafi tsaya mini a rai shi ne Moria, birnin wadanni na ƙarƙashin dutse. Ayarin ya shiga da fatan samun 'yan'uwan Gimli, wadan da ke cikin tafiyar, waɗanda suka je farfaɗo da birnin, sai suka tarar da kabari da wani kundi da aka sassare da takobi, wuta ta ci gefensa, jini ya ɓata shi. Gandalf, dattijon mai siddabaru da ke jagorantar ayarin, ya tsaya yana harhaɗa kalmomin da suka rage, rubutun yana ƙara lalacewa zuwa shafin ƙarshe, inda marubucin ke cewa an tare su, ana jin ganguna daga ƙasa. Bai daɗe da rufe baki ba gangunan suka fara. Wanda ya taɓa zuwa Surame ta wajen Binji ya ga ganuwar duwatsun da Kanta na Kabi ya gina tun ƙarni na 16, yanzu sai itatuwa da shiru, ko ya tsaya a kufan Alkalawa da ta faɗi a 1808, ya san abin da ake ji a irin wannan wuri. Bambancin kawai, namu ya faru, nasa kuwa daga ka ya ƙago, har da harsunan mutanen da haruffan rubutunsu.

Waƙoƙin da ke tsakiyar labarin, waɗanda masu karatu da yawa ke tsallakewa, ni ba su dame ni ba. Mu da muka gaji labarin Tabkin Kwatto da na Alkalawa a baitocin Malam Abdullahin Gwandu da Nana Asma'u, ba baƙon abu ne a wurinmu a tsaya da zube a koma waƙa ba. Wasu dai sun yi tsawo, musamman na Elfawa, wani jinsi a labarin da tsufa ba ya kashe su.

Amma zuciyar littafin ita ce zoben. Sauron, babban maƙiyin, shi ya ƙera shi don ya mallaki sauran zobban mulki: uku na Elfawa, bakwai na wadanni, tara na mutane. Sarakunan nan tara da suka karɓa sun samu ƙarfi da daɗewa, suka ƙare a matsayin inuwoyi mahaya dawaki cikin baƙaƙen kaya, bayin mai zoben. Tambayar da ake ta maimaitawa ita ce, me zai hana mutumin kirki ya saka shi ya yaƙi azzalumi? Boromir, jarumin Gondor da ke cikin ayarin, shi ne ya fi kowa nacewa a kan haka, kuma wallahi hujjarsa tana da ƙarfi. Garinsu ne a bakin daga, mutanensu ake kashewa, ga makami an samu, a ce a kai a ƙone? Da ina wurin taron nan, ina jin bayansa zan bi. Gandalf kuwa da aka miƙa masa, ƙi ya yi da tsoro, domin ya san ta ƙofar tausayi da son gyara zoben zai shige shi. Galadriel, babbar mace cikin Elfawa, ita ma an miƙa mata, ta hango irin sarauniyar da za ta zama, ta janye hannu. Boromir bai janye ba, ya kai wa Frodo cafka, ayarin ya watse. Tolkien bai mai da shi mugu ba, ya bar shi ya mutu yana kare ƙananan abokan tafiyarsa, ya kuma faɗi laifinsa da bakinsa.

Akwai wani hoto a fadar Gondor da duk wanda ya san zaman fada zai tsaya a kansa. Gadon sarauta yana can sama babu kowa, kusan shekara dubu ba sarki. A ƙasan matakala akwai wata baƙar kujerar dutse marar ado, a nan wakili Denethor ke zama, kamar yadda kakanninsa suka zauna, suna riƙon ƙasa har sarki ya dawo. Ga ladabi a zahiri. Amma da aka ce magajin ya bayyana, sai ka ga riƙon ƙwarya ya zama gado a zuciyarsa. Mutum ne mai kaifin basira, sai dai yana leƙa wani dutsen gani wanda maƙiyi ke zaɓar abin da zai nuna masa, har ya yanke ƙauna ya cinna wa kansa wuta alhali taimako na bakin ƙofa. A Rohan kuma ga sarki Théoden, wanda bafade ɗaya mai zaƙin baki ya raba da 'yan'uwansa ya tsofar da shi kafin lokaci. Ba sai na ce komai ba a nan.

Yaƙin da ya fi burge ni shi ne na ƙofar Minas Tirith, babban birnin Gondor. An fasa ƙofar gari, shugaban mahayan nan tara ya shigo, kowa ya gudu sai Gandalf a kan dokinsa. Ana cikin wannan sai zakara ya yi cara a wani gida can cikin gari, shi ba ruwansa da yaƙi, asuba kawai ya gani. Sai ƙahonin Rohan suka amsa daga nesa. Na karanta wurin ina zaune a ƙofar gida da dare, sai da na miƙe tsaye.

Wanda bai karanta ba kuma ba ya son a ɓata masa, ya tsallake sakin layin nan da na bayansa. Frodo ya isa bakin wutar bayan yunwa da ƙishirwa, har sai da Sam, mai kula masa da lambu, ya goya shi a hawan dutsen. Da ya tsaya a wurin sai ya ƙi jefawa. Ya ce zoben nasa ne, ya saka. Gwarzon labari ya kasa a takun ƙarshe. Abin da ya ceci duniya shi ne Gollum, wani ƙasƙantaccen taliki da zoben ya cinye kusan shekara 500, wanda Bilbo ya samu damar kashewa ya ƙyale, Frodo ya ƙyale, Sam ma da ya tsane shi ya ƙyale. Shi ya gatse yatsan Frodo, yana tsallen murna ya zame ya faɗa da zoben. A ganina wannan ne ya raba littafin da tarin masu kwaikwayonsa. Marubucin bai yi wa zoben ƙarya ba: ya ce babu mai iya riƙe shi ya tsira, kuma bai ware gwarzonsa ba.

Bayan an naɗa Aragorn, magajin nan na Gondor, sarki ma ba a gama ba. Hobitawan sun koma gida sun tarar an sare itatuwa, an liƙa dokoki a bango, wasu 'yan iska suna kwashe amfanin gona da sunan za a raba daidai. Sai da suka sake wani ƙaramin yaƙi a ƙofar gidajensu. Kuma a garin, Merry da Pippin, Hobitawa abokan tafiyar Frodo da suka dawo da sulke, su ake yi wa kirari, Frodo kuwa ba a cika kula shi ba, ciwonsa bai warke ba, bayan shekara biyu ya shiga jirgin ruwa ya bar ƙasar. Tolkien ya yi yaƙin duniya na farko, yana fagen Somme a Faransa a 1916, kuma shi da kansa ya rubuta cewa zuwa 1918 aminansa na kusa duk sun mutu sai ɗaya. Ana jin hakan a yadda ya rubuta komawa gida. Finafinan Peter Jackson na 2001 zuwa 2003 sun cire wannan babin na ɓarnar gida gaba ɗaya, shi ya sa wanda ya tsaya a kallo bai san ƙarshen ba.

Inda littafin ya sosa mini rai kuwa, ba zan ɓoye ba. Mutanen kirki farare ne daga yamma, masu duhun fata daga kudu da giwayensu suna cikin rundunar Sauron. Kana Bahaushe kana karantawa, ka san a wane ɓangaren taswira aka ajiye ka. Wuri ɗaya ne aka sassauta, inda Sam ya ga gawar wani sojan kudu a gabansa, ya shiga tunanin ko mene ne sunansa, ko da gaske mugu ne, ko ƙarya aka yi masa ko barazana aka raba shi da gida. Layuka kaɗan ne, ba su goge sauran ba. Mutumin da aka haifa a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu a 1892, na so ya yi fiye da haka. Mata ma ƙalilan ne, duk da Éowyn ta yi shigar maza ta kashe shugaban mahayan da aka ce namiji ba zai iya kashe shi ba.

Masu tambayata ko littafin tsafi ne, siddabarun ciki bai kai na tatsuniyoyinmu ba. Gandalf ya fi amfani da shawara a kan sandarsa, kuma ba a koyar da wata bauta a ciki. Turancin ne dai sai an daure. Na Hobitawa mai sauƙi ne, amma da an shiga fadar sarakuna sai harshen ya koma na da, ɗan sakandare zai sha buɗe ƙamus.

Bayan labarin ya ƙare akwai rataye guda shida, shafi sama da ɗari: jerin sarakuna da shekarun mulkinsu, salsalar dangi, lissafin watanni, ƙa'idar furta sunaye. Na san mutane a garin nan da za su iya jero maka sarakunan Musulmi tun daga Muhammadu Bello ba tuntuɓe, irinsu za su ji daɗin wannan sashe fiye da yaƙin. A nan na ga abin da ya samu kowa daga baya. Aragorn ya yi shekara 120 a kan gado. Sam kuwa, wanda ya taɓa riƙe zoben na ɗan lokaci ya mayar wa mai shi, ya haifi 'ya'ya goma sha uku, aka zaɓe shi magajin gari sau bakwai a jere, kowane zango shekara bakwai. Shekara 49 ke nan a kujera ɗaya, kuma babu wanda ya kai shi kotu kan tazarce.