Takin fure a Holan da namu na gida

Yaya, ina gaisuwa. Ya su Hajiya da yara? Ka ce in bincika maka abin da mutanen Holan ke ba furanninsu, ko da sirrin da za ka ɗauka don lambunka. To, shara ce dai, irin wadda manoman kewayen Kano ke saye tifa-tifa da rani. Tsabta ce ta raba su.

Tun 1994 doka ta ɗora wa ƙananan hukumomin nan Holan kwashe shara mai ruɓewa daban. Gida mai fili yana da koren mazubi na ɓawon dankali, ganye da ragowar abinci. Kamfani ya tara, tulin ya ɗau zafi har irin ciyawa ya mutu, sannan a tankaɗe. In ka damƙa, baƙi ne mai laushi, yana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Da wuya ka ci karo da leda ko fasasshiyar kwalba, balle mataccen batir. A watan Maris garuruwa da yawa kan raba shi kyauta, ka ga tsofaffi a layi da buhu da shebur. Kyautar ta baki ce, don harajin sharar da muke biya duk shekara ba wasa ba ne.

Amma fa bai kama ƙafar kashin kaji wajen ƙarfi ba. Naitirojin ɗinsa kaɗan ne, kuma a hankali yake sakinsa, abin da shuka ke samu a shekarar farko bai taka kara ya karya ba. Yana ba da fotash, sai dai babban aikinsa gyaran jikin ƙasa ne. Gonakin furen tulip tsakanin garuruwan Haarlem da Leiden rairayi ne kamar jigawarmu, takin ke taimaka musu riƙe ruwa, sauran abincin kuma a cike da takin zamani.

Ba sa cika tukunya da shi zalla, gishirinsa na ƙona saiwa, sai an gauraya. Ƙasar tukunya ma a buhu ake sayarwa, an rubuta lita nawa ce da furen da ta dace da shi. Kai da kake samun kashin shanu kusan a banza, in na juya maka kuɗin buhu guda zuwa naira sai ka riƙe baki.

Maganar in aiko maka tulip kuwa, ka yi haƙuri. Albasarsa sai ta sha makonni cikin sanyi mai tsanani take fure, hunturun Kano bai isa ba.