Darasin nutsuwa da godiya ga matasa: abin da muka gani a mako takwas

Darasin ana yin sa kowace Asabar bayan La'asar, awa ɗaya, a wani aji da ke unguwar Zango a nan Damagaram. Ƴan kolej goma sha biyar muka sa, masu shekara 13 zuwa 16, muka kuma bi su har ƙarshe. Kayan aikin kaye ne da bik da tabarma.

Ɓangaren godiya shi ne ya fi ƙarfi, kuma don shi kaɗai ma darasin ya cancanci kuɗinsa. Yaro zai rubuta abu uku masu kyau da suka same shi, da wanda ya zama sanadi. Dabarar ta masanin Amurka Martin Seligman ce, wadda ya gwada a 2005. Makon farko kusan kowa "lafiya, iyaye, abinci" ya rubuta. Malamar ba ta karɓa ba. Sai ta ce, "Wane abinci, ɗiyata? Wa ya dafa? Wa ya sayo iccen?" Zuwa mako na huɗu wata yarinya ta rubuta cewa yayarta ta tashi tun asuba ta cika jarka biyu kafin ruwan famfo ya ɗauke. Nan ne aikin yake, domin godiyar da ba ta da suna da lokaci baki kawai take tsayawa. Malamar ta ɗaure darasin da aya ta 7 ta Suratu Ibrahim da hadisin da ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, shi ya sa iyaye suka saki jiki.

Kuskure biyu ne a nan. Rubutun kullum ya zama musu kamar aikin gida na lakwal, har wasu suka riƙa cike kwana bakwai a zama ɗaya. Sau biyu a mako ya isa. Kuma kada a tilasta wa kowa karanta nasa a gaban jama'a. Maraya yana jin ana lissafa alherin uba, sai ya rufe kayensa.

Zaman lura da numfashi bai yi armashi ba. Minti goma ido a rufe ya yi wa ɗan shekara 14 yawa: ɗaya ya yi tari, aji ya fashe da dariya, ga zafi yana sa gyangyaɗi. Da aka rage zuwa minti uku, ido a kan tabarma, a shaƙa a ƙirga huɗu, a fesar a ƙirga shida, sai suka nutsu. Wani masanin Amurka, Jon Kabat-Zinn, ya tsara irin wannan horo a 1979 ne don manya marasa lafiya, kuma babban binciken da aka fitar a Ingila a 2022 kan ƴan makaranta sama da 8,000 ya nuna bai fi darasin da aka saba ba, yawancinsu ma ba sa maimaitawa a gida.

Abin da ya fi damun mu shi ne babu tanadi ga yaron da damuwarsa ta yi nisa. Wanda ya yi mako biyu ba barci, ba cin abinci, ya daina zuwa fada, likita yake buƙata, kuma ya kamata malamar ta san wa za ta kira tun kafin a buɗe aji.