Gargaɗi Kan Masu Sayar da Jabun Wayar Koyil da Lagwani ga Masu Shan Sigarin Lantarki

Sana'ata gyaran kayan lantarki, kuma ba na shan sigari kowane iri, na ganye ko na batir. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da na gani da idona a makon jiya, lokacin da ƙanin wani abokina ya shigo shagona riƙe da sigarinsa na lantarki a naɗe cikin tsumma, domin ya yi zafin da hannu ba zai iya riƙe shi ba. Da na buɗe, sai na tarar da ledar da ke jikin batirin ta tsattsage ta naɗe, koyil ɗin, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke ɗaukar zafi ta mayar da ruwan sigarin tururi, ya yi wata farar toka mai kama da alli, lagwanin kuma ya narke ya dunƙule ya zama baƙin ƙulli mai tauri. Yaron yana magana yana tari, ya ce kwana biyu ke nan yana jin ɗanɗanon ƙarfe a bakinsa, da daddare kuma zazzaɓi da ciwon jiki su rufe shi.

Ya sayi kayan ne a hannun wani mai talla a WhatsApp, wanda ke ɗora hotunan naɗin waya masu tambarin Kanthal A1 da ƙunshin abin da ya kira audugar Japan, a farashin da bai kai rabin na kasuwa ba. Sharaɗinsa shi ne a tura kuɗi tukuna, sannan ɗan aike ya kawo kaya, ba shago, ba rasiti, ba mayarwa. Da aka koma masa da ƙorafi, ya ce ai yaron ne bai iya naɗi ba, daga nan ya toshe lambarsa. Irin wannan ciniki ne nake kira ga jama'a da su guje masa, domin a nan araha ba ado kaɗai take hanawa ba, huhu da fuska take iya ci.

Wayoyin da ake naɗa koyil da su sanannu ne, kuma ba su da yawa. Kanthal A1 haɗin baƙin ƙarfe ne da kuromiyam da alminiyam, sunan kuma na wani kamfani ne da aka kafa a ƙasar Suwidin a 1931. Akwai Ni80, wadda kashi 80 cikin ɗari nata nikel ne, sauran 20 kuromiyam, kuma duk mai ƙaiƙayi ko ƙuraje idan ya sa agogo ko sarƙar nikel ya kamata ya nisance ta. Akwai SS316L, ƙarfen da ba ya tsatsa, sai Ni200 da titaniyam, waɗanda ba a amfani da su sai a na'urar da ke iya ƙayyade zafi, kuma ba a barin su su yi ja a bushe. Abin da ya haɗa ukun farko shi ne suna tauye gudun wuta ƙwarai, wannan tauyewar ce ke haifar da zafi, kuma an ƙera su domin su jure shi. Wayar da aka sayar wa wannan yaro kuwa baƙin ƙarfe ce ta yau da kullum mai rufin tutiya, irin wadda ake ɗaure kaya ko saƙa raga da ita, aka naɗe ta a kan gwangwanin roba aka manna mata takarda.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da masu walda ya san abin da tutiya ke yi idan wuta ta taɓa ta. Tana narkewa a kusan digiri 420, idan zafin ya ƙaru ta fitar da farin hayaƙi, wanda shaƙarsa ke kawo zazzaɓi, rawar sanyi, ciwon gaɓoɓi da ɗanɗanon ƙarfe a baki bayan 'yan sa'o'i. Mai walda yana aikinsa a fili ne, iska na kwashe masa wani abu, amma mai wannan koyil bakinsa ya kafa a kai yana zuƙa kai tsaye zuwa huhu. Na ce wa yaron ya tafi asibiti a ranar, ya kuma faɗa wa likita gaskiyar abin da ya shaƙa, kada kunya ta sa ya ce zazzaɓin cizon sauro ne.

Haɗari na biyu ya fi wannan saurin kisa, kuma lissafinsa a bayyane yake. Waya mai lamba 26 kaurinta kusan milimita 0.4 ne. Idan Kanthal ce ta gaskiya, tsawon mita ɗaya zai nuna kusan om 11 (ma'aunin yadda waya ke tauye gudun wuta) a kan na'urar awo, Ni80 ta nuna kusan takwas da rabi, SS316L kuma kusan shida. Baƙin ƙarfe na banza mai wannan kauri yana nuna kusan om ɗaya ne, jan ƙarfe irin na naɗin fanka kuwa ko 0.2 ba ya kaiwa. Ma'ana, koyil ɗin da ya kamata ya ba da om 0.8 zai iya faɗowa zuwa 0.08. Batirin 18650, wanda ya samo sunansa daga faɗinsa na milimita 18 da tsawonsa na 65, yana ɗauke da bolt 4.2 idan ya cika. A raba 4.2 da 0.08, za a ga ana neman ya fitar da amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke gudu) sama da 50, alhali da yawa daga cikin masu kyaun ma amfiya 20 ne iyakar abin da aka yi su su jure a jere. Na'ura mai ƙwaƙwalwa a ciki takan ƙi tashi idan ta ga haka, amma wadda bututun ƙarfe ce kawai da maɓalli ba ta da mai tsawata mata. A watan Mayun 2018, a garin St. Petersburg na jihar Fulorida a Amurka, irin wannan na'ura marar kariya ta fashe ta kashe mai ita a cikin ɗakinsa. Yaron da ya zo wurina Allah ne kawai ya kiyaye, domin tasa ma irin wannan ce.

Wasu na cewa a gwada da maganaɗisu, to a yi hattara da wannan shawara. Maganaɗisu yana kama Kanthal ta gaskiya, yana kuma kama wayar tutiya, saboda haka ba zai raba su ba. Amfaninsa yana wurin Ni80: idan an ce maka ita ce, maganaɗisu kuma ya cafke ta da ƙarfi, an yi maka ƙarya. Gwajin da ya fi tabbas shi ne na awo, wato a warware mita ɗaya cif, a kai wa duk wani mai gyaran rediyo ko waya ya ɗora mata mitarsa, abin da ba zai ɗauki minti biyu ba.

Batun lagwani ya fi sauƙin ganewa. Abin da aka saba amfani da shi auduga ce zalla wadda ba a sa mata turare ko rini ba. Wanda ke cikin ƙunshin yaron zaren roba ne irin wanda ake cusa wa matashin kai, fari tas, mai sheƙi da santsi. Na tsinko kaɗan na kunna masa ashana a gabansa, sai ya tsuke ya narke yana warin leda, ya bar ƙulli mai tauri. Audugar gaskiya tana ci kamar takarda ne, ta bar toka mai laushi wadda ke rugujewa tsakanin yatsu. Zaren roba ba ya tsotson ruwan sigarin yadda ya kamata, sai koyil ya riƙa ƙuna a bushe, kuma zafin da ya wuce kima yana farfasa giliserin da sauran abin da ke cikin ruwan ya mayar da su guba irin su fomaldihaid da akirolin, ban da hayaƙin robar kanta.

Kada wani ya fahimci cewa kayan gaskiya lafiya lau ne. A 2018 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins sun gwada na'urorin mutum 56 masu sha kullum, suka sami dalma, kuromiyam, nikel da manganis a cikin tururin da dama daga cikinsu. Nikotin kuma yana kama mutum ko ta wace hanya ya shiga jiki, shi ya sa ra'ayina shi ne wanda bai fara ba kada ya fara. Amma idan kayan da aka ƙera domin wannan aiki suna iya sakin ƙarfe, ina ga wayar ɗaure kaya da aka yi wa lakabin ƙarya?

Ga wanda ya riga ya sayi kaya a hannun irin waɗannan mutane, ya dakata da amfani da su yau ɗin nan, ya cire batirin, kuma idan ledarsa ta yage ko ya loɓa kada ya sake sa shi a caji ko ya jefa shi aljihu tare da makullai da sulalla. Ya adana naɗin wayar da ƙunshin lagwanin, da hoton tallar, da shaidar tura kuɗi, domin a Najeriya hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta FCCPC tana karɓar ƙorafi, kuma shaida ce ke sa a saurari mutum. Ya kuma sanar da abokan da ya san sun saya a wuri ɗaya. Ƙanin abokina ya lissafa mini mutum huɗu da shi da kansa ya tura wa lambar mai tallar, na sa ya kira su ɗaya bayan ɗaya kafin ya bar shagon, biyu daga cikinsu kuwa sun riga sun naɗa wayar sun fara zuƙa.