Hoton MRI bayan raunin laka: na'urar ta yi aikinta, rahoton ne ya gaza

Duk wanda ya raka majinyaci mai rauni a ƙashin baya zuwa ɗakin hoto, tambaya ɗaya ce a ransa, wato ko mutumin zai sake takawa. Da ita nake auna hidimar da wata cibiyar ɗaukar hoto mai zaman kanta ta yi mana, lokacin da likita ya tura ƙanena a yi masa MRI na wuya, bayan haɗarin babur da ya bar shi ba ya motsa ƙafa, hannayensa kuma sun yi sanyi.

Hoton CT (wani nau'in hoton cikin jiki) da aka fara yi ya nuna gocewar ƙashi tsakanin gaɓa ta 5 da ta 6 a wuya, amma bai bayyana halin da laka take ciki ba, alhali ita ce hanyar saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Wannan aikin MRI ne, wadda ke amfani da maganaɗisu mai ƙarfi, kuma na'urar wannan cibiya mai tesla 1.5 ce (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), wadda ta wadatar. A ɓangaren kula da majinyaci ba ni da ƙorafi. Ma'aikata sun ɗaga shi a tare, ɗaya yana riƙe da kansa don kada wuyan ya karkata, sun sauya masa gado zuwa wanda maganaɗisu ba ya ja, sun kuma toshe masa kunne saboda ƙarar na'urar. Ma'aikaciyar da ke sarrafa ta ta ce masa: "Malam, ka daure kada ka motsa, ko yawu ma ka rage haɗiya," domin motsin maƙogwaro kaɗai yana iya dusashe hoton wuya. Cikin kimanin rabin sa'a aka gama, hoton kuma ya fito tar.

Rahoton da ya biyo baya kuwa layuka kaɗan ne, waɗanda suka ce ƙashi ya danne laka kuma launinta ya sauya a wurin. Wannan gaskiya ne, sai dai ba shi ne abin da aka biya kuɗi mai yawa domin a ji ba. Masana sun daɗe da sanin cewa abubuwa uku a hoton farko suna da alaƙa da makomar majinyaci: ko jini ya zuba a cikin lakar kanta, iya tsawon da kumburi ya kai, da kuma yawan matsin da ƙashi ya yi mata. A nau'in hoton da ake kira T2, kumburi fari yake fitowa, sabon jini kuma yakan zama baƙin ɗigo a tsakiyar farin, kuma wannan ɗigo shi ne alamar da likitoci suka fi tsoro, domin yawanci tana tafe da rauni mai tsanani. A 2015 likitoci a San Faransisko ta Amurka sun fitar da ma'aunin BASIC, daga 0 zuwa 4, wanda ke karkasa raunin bisa yadda ya mamaye faɗin laka, mataki na 4 kuwa shi ne wanda aka ga jini. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai shiga takardar da aka ba mu ba.

Likitan tiyatar laka ne ya cike giɓin, da ya sa faifan hoton a kwamfutarsa ya nuna mana farin zane da ya ratsa gaɓoɓi biyu ba tare da baƙin ɗigo ba. Duk da haka bai yanke hukunci da hoto kaɗai ba. Ya bi jikin ƙanena da allura da auduga daga kafaɗa har ƙasa, ya kuma gwada ko yana jin taɓi a kewayen dubura, gwajin da dangi kan ji nauyinsa alhali shi ke raba cikakken rauni da wanda ya bar sauran hanya a ASIA, ma'aunin tsananin raunin laka mai matakai daga A zuwa E. Abin da hoto yake bayarwa hasashe ne bisa abin da aka gani a majinyata masu yawa, kuma mafi yawan farfaɗowa a watanni 6 na farko take faruwa, tare da gashin ƙashi da tsare jiki daga gyambon kwanciya.

Bayan tiyata mun koma aka sake hoton, ƙusoshin da aka ɗaure ƙashin da su suka ɗan jirkita gefensa, abin da ba laifin cibiyar ba ne. A irin wannan hoto na kusan wata guda bayan rauni, masu bincike a asibitin Balgrist da ke Zurik a Suwizalan suna auna kaurin naman laka da ya tsira a gaba da bayan wurin da ya lalace, kuma binciken da suka wallafa a 2024 tare da cibiyoyi a Jamus da Amurka ya nuna cewa gwargwadon kaurinsa, gwargwadon ƙarfi da jin taɓin da ke dawowa. Ban zargi cibiyar da rashin wannan awo ba, tunda bai zama ruwan dare ba tukuna.

Abin da na kasa yi musu uzuri a kansa shi ne jinkiri. Sai washegari rahoton farko ya fito, alhali binciken da Farfesa Michael Fehlings na Toronto ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2012, ya nuna cewa waɗanda aka ɗauke wa matsi daga laka cikin sa'o'i 24 sun fi samun sauƙi. Wanda zai kai majinyaci can ya karɓi faifan nan take ya kai wa likitansa, ya kuma roƙi likitan ya rubuta a takardar turawa cewa yana son a faɗi tsawon kumburi da ko akwai jini a cikin laka.