Hutu a Istanbul ko ƙauyen Konya?

In kai baƙin mutum ne mai karatu a Turkiyya, hutu ya zo, zaɓi biyu ne. Istanbul dai mutum ya haura miliyan 15, ba wanda zai ɗaga kai ya kalle ka, ka sha yawonka a unguwar Aksaray inda 'yan Afirka suka cika, shi ke nan.

Ƙauye kuwa, wajajen Konya, wallahi tun kafin ka sauka daga mota yara sun kewaye ka kamar an ga sabon wata, wasu na son hoto, dattawa na kiranka "misafir", wato baƙo, kana yin sallama suka gane musulmi ne sai murna ta ƙaru, a ja ka gida, ka cire takalmi, a zuba maka kolonya, wato ruwan turare, a hannu, sai shayi a ɗan kofin gilas. Kana shanyewa a ƙara. In ba ka ɗora cokali a bakin kofin ba to haka za ka wuni kana sha fa.

Kallon yana gajiyarwa, gaskiya, ranar farko. Amma ni ƙauyen zan zaɓa, ko don abincin da ba a karɓar kuɗinsa.