Makirufon dinamik ko na kondensa: wanne ya dace da naɗar murya a gida?

Malam, tsakanin makirufon kondensa da na dinamik da ka tambaya, ka sayi dinamik, matuƙar a ɗakin da kake kwana ko kake karatu za ka riƙa naɗar muryar. Na mallaki duka biyun, kuma kondensa na fara saye, don shi nake gani a hotuna a gaban masu gabatar da shirye-shirye, an rataye shi cikin zobensa yana ƙyalli. Ranar farko na karanta rubutu na kusan minti 40 ina ta jin daɗi, amma da na sa hedfon na saurara, sai ga agogon bango yana ƙirga daƙiƙoƙinsa a ƙarƙashin kowace jimla, ga gurnanin firji daga ɗaya ɗakin, ga kukan kujera duk lokacin da na gyara zama, sannan muryata tana dukan bango tana dawowa kamar mai magana a gidan da aka kwashe kaya. Duk waɗannan suna nan tun da, kunnena ne ya saba da su har ya daina jin su.

Bambancin yana cikin ƙirarsu. Kondensa yana da wani siririn faifai marar nauyi wanda ko ɗan motsin iska yana kaɗa shi, kuma yana buƙatar wuta kafin ya yi aiki, yawanci bolt 48 daga akwatin da ke haɗa shi da kwamfuta. Dinamik kuwa naɗaɗɗiyar waya ce manne da faifai, tana motsi a cikin maganaɗisu, ba ya buƙatar wata wuta, kuma sai sauti ya zo masa da ƙarfi yake amsawa sosai. Wannan nauyin jin nasa shi ke tilasta maka kusantar da baki, kuma a kusancin ne amfanin yake. Duk lokacin da ka rage tazarar da ke tsakanin bakinka da makirufo da rabi, muryarka na ƙaruwa da kusan desibel 6 (desibel, ko dB, shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), alhali ƙarar firji da amon ɗaki suna nan yadda suke. Da tazarar yatsu huɗu, sai ka ga murya ta danne komai.

Wanda nake aiki da shi yanzu Samson Q2U ne, kuma abin da ya sa na ƙaunace shi wani dare ne da aiki ya matse ni, dole in miƙa shi da safe, ga ruwan sama yana dukan taga, ga yaro yana tari a ɗakin da ke kusa. Na rufe labule, na jingina filo biyu a bango bayan makirufon, na yafa bargo a kan ƙofar da ke bayana, na karanta shafi shida. Wanda ya karɓi aikin ya tambaye ni a wane situdiyo na naɗa. Makirufon ya taɓa faɗowa daga kan tebur har ragar kansa ta ɗan lotsa, kuma muryarsa ba ta canza ba. Yana da kafar USB, don haka kai tsaye kake soka shi a kwamfuta, yana kuma da ta XLR, wato kafar wayar makirufo mai haƙora uku, wadda za ta yi maka amfani ranar da ka sayi akwatin sauti irin Focusrite Scarlett, ba sai ka sake sayen wani makirufon ba. Akwai kuma kafar hedfon a jikinsa, kana jin kanka a daidai lokacin da kake magana. Audio-Technica ATR2100x ma haka tsarinsa yake, duk wanda ka samu a cikinsu ya wadatar. Kada sunan Shure SM7B ya ja ka tun yanzu: dinamik ne mai kyau ƙwarai, amma yana son ƙarin ƙarfi na kusan desibel 60, wanda ba kowane ƙaramin akwati ke iya bayarwa ba tare da ya ƙara ƙarar "shuu" a cikin naɗin ba.

Kondensa ya fi fito da laushin murya da ƙananan bayanai idan ɗakin an lulluɓe shi yadda ya kamata, wannan ba zan musa ba. Nawa dai yana cikin kwalinsa.

Wasu za su ce maka ka sayi ko wanne, manhaja za ta gyara, kuma nan ne na fi ɓata lokaci. Audacity, wadda kyauta ce, tana iya rage ƙarar da ba ta canzawa, kamar ta fanka ko gurnanin wutar lantarki mai zagaye 50 ko 60 a daƙiƙa, idan ka bar mata daƙiƙa goma na shiru a farkon naɗi ta gane yadda ƙarar take. Amon ɗaki kuwa muryarka ce da kanta ta dawo, ta cakuɗe da kalmomin, kuma duk yadda ka matsa wajen cire shi sai ka ji kamar mutum yana magana daga ƙarƙashin ruwa. Da naɗin dinamik, gyaran da nake yi kaɗan ne. Ina naɗa a matsayin WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a rage ingancinsa ba, a kan 44.1 ko 48 kHz, ina lura kada allurar da ke nuna ƙarfin sauti ta wuce tsakanin -12 da -6 dB, domin muryar da ta fashe ba ta ɗinkuwa. Daga nan sai in yanke kurakurai da dogon numfashi, in zubar da duk abin da ke ƙasa da 80 Hz, wato sauti mai kaurin gurnani, tunda babu abin kirki na magana a can, in ɗan matse sautin don a daidaita wurin da na ɗaga murya da wurin da na sassauta, sannan in kai ƙarfinsa inda ake so. Shirye-shiryen saurare na intanet galibi -16 LUFS ake nufa, wato ma'aunin ƙarfin sautin shiri gaba ɗaya. Idan kuma littafi za ka karanta wa ACX, dandalin Amazon na naɗar littattafan saurare, sharaɗinsu shi ne matsakaicin ƙarfi tsakanin -23 da -18 dB, ƙololuwa kada ta haura -3 dB, ƙarar bayan fage kuma ta kasance ƙasa da -60 dB, kuma wannan sharaɗin na ƙarshe ne kondensa ya sha kayar da ni a kansa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa, domin jabun makirufo ya yi yawa, musamman Shure SM58, wanda tun 1966 ake ƙera shi kuma masu kwaikwayo sun ƙware a kansa har kwali da takardun ciki. Araha ba ta ado: idan kuɗin ya faɗi ƙasa sosai da na dillalan da kamfanin ya amince da su, ka bar shi. Haka nan ka guji tarkacen da ake haɗawa a kwali ɗaya, makirufo da sanda da waya da wani ɗan akwati mai fitilu, a rubuta masa "na situdiyo", domin irinsa na saya. Kada ka biya sai an yarda za ka iya mayarwa, kuma da ya iso ka naɗi shiru na daƙiƙa 30, ka ƙure ƙarar hedfon ka saurara.

Abin da ya rage a hannunka ka sa shi a sandar da za ta ɗaga makirufon daidai bakinka, da ragar tare iska saboda haruffa irin "b" da "f". Ka ɗan karkatar da shi gefen baki maimakon ka fuskance shi kai tsaye, kuma ka cire batirin agogon bango kafin ka fara.